Danzig ko Gdansk: Wa Ke Raɗa wa Tarihi Suna?

A bakin Tekun Baltik, dab da inda kogin Bistula ke zubawa, akwai wani tsohon gari mai tashar jiragen ruwa da ya haura shekara dubu da kafuwa. Mutanen Polan suna ce masa Gdansk, Jamusawa kuma suna ce masa Danzig. Gwamnatocin ƙasashen biyu sun kashe maganar iyakarsu tun 1990 da yarjejeniyar da suka sa wa hannu, a 2004 kuma Polan ta shiga Tarayyar Turai ta zauna inuwa ɗaya da Jamus. Amma a daidai shekarun da 'yan siyasa ke musabaha, wasu mutane da ba wanda ke biyansu ko sisin kwabo suna can kan Wikipedia ta Ingilishi suna fafatawa a kan sunan garin nan. Wannan ya shiga da dare ya goge Danzig ya rubuta Gdansk, kafin gari ya waye wancan ya mayar da shi yadda yake. Rigimar ba ta tsaya a maƙalar garin ba. Duk inda aka ambace shi, a tarihin wani masani ko na wani yaƙi ko na wani jirgin ruwa, nan ma sai ta bi shi.

Mai kallo daga nesa zai ce rashin aikin yi ne, kuma akwai rigingimun Wikipedia da suka cancanci a faɗa musu haka. An shafe shekaru, daga 2003 zuwa 2011, ana jayayya kan ko a sa wani harafi guda a cikin sunan kindirmon Turawa ko a cire shi. An kuma zubar da kalmomi wajen dubu 40 kan ko harafi ɗaya a sunan wani fim na Amurka babba ne ko ƙarami. Irin waɗannan ake yawo da su a jaridu don a yi dariya. Ta Gdansk daban take. Wanda ya bi ta a tsanake zai ga yadda ake ƙera abin da miliyoyin mutane ke karantawa kullum suna ɗauka a matsayin gaskiya tsagwaronta. Abin da nake son kafawa shi ne, gardama kan lafazi ita ce zuciyar aikin kundin ilimi, kuma shafin da ya fi cancantar a ji tsoronsa shi ne wanda ba a taɓa yin gardama a kansa ba.

Wikipedia ta fara aiki ranar 15 ga Janairu 2001, Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ta, yau kuma tana da sassa a harsuna sama da 300. Gidauniyar Wikimedia da ke Amurka ita ke riƙe da na'urori tana biyan kuɗin tafiyar da su, amma ba ta rubuta maƙala, ba ta kuma da babban edita da zai buga tebur ya ce magana ta ƙare. 'Yan sa-kai ne ke rubutun. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta, wanda galibin masu karatu ba su taɓa leƙawa ba, kuma kowane gyara, ko da waƙafi aka cire, yana nan ajiye da alamar wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Manyan dokokin da suka ɗora wa kansu su ne kada marubuci ya ɗauki ɓangare, duk abin da ya faɗa ya nuna inda ya samo shi a rubuce, kada kuma ya cusa binciken kansa. Da rigingimu suka yi yawa aka ƙara wasu. A ƙarshen 2003 aka kafa kwamitin sasanci, wanda ke hukunta halayyar editoci amma ba ya cewa wane ke da gaskiya a kan abin da ake jayayya. Aka kuma kawo dokar da ta hana mutum soke gyaran wani fiye da sau uku cikin awa 24 a shafi ɗaya. Wanda ya keta ta a toshe shi na ɗan lokaci.

Dokar rashin ɗaukar ɓangare tana tafiya sumul idan maganar ta ra'ayi ce. Sai ka ce wane ya ce kaza, wane kuma ya ce kaza, ka tsame hannunka. Suna ba ya yarda da haka. Jimla ba ta tsayuwa sai ka kira garin da wani abu, da zarar kuwa ka kira shi ka riga ka zaɓa.

Ga nauyin abin da ake zaɓa ɗin. A 1308 mayaƙan Jamusawa na ƙungiyar Tutonik suka ci garin da takobi, suka yi kisa mai yawa. A 1454 mutanen garin suka yi musu tawaye suka kai caffa ga sarkin Polan, garin ya zauna ƙarƙashin sarautar Polan sama da shekara 300 yana gudanar da harkokinsa da kansa, yana arziki da hatsin da ake gangaro da shi ta kogi a yi jigilarsa zuwa Amsterdam. Duk tsawon wannan zamani harshen kasuwa da na majalisar gari Jamusanci ne. A 1793, lokacin da maƙwabta ke yayyaga Polan suna rabawa, Purushiya, wata masarautar Jamusawa, ta haɗiye garin. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1920, aka mai da shi birni mai cin gashin kansa, ba na Jamus ba kuma ba na Polan ba, alhali sama da kashi 90 cikin ɗari na mazaunansa Jamusawa ne. Da asubar 1 ga Satumba 1939 jirgin yaƙin Jamus mai suna Schleswig-Holstein ya buɗe wuta kan ƙaramin sansanin sojan Polan da ke Westerplatte a bakin tashar garin, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. A 1945 sojojin Tarayyar Sobiyat suka shiga, tsakiyar garin ta zama kufai, aka kori Jamusawan da suka rage, aka zo da 'yan Polan, waɗanda da yawansu su ma an raba su da nasu garuruwan a gabas. A garin nan ne kuma, a 1980, ma'aikatan wurin ƙera jiragen ruwa ƙarƙashin Lech Walesa suka kafa ƙungiyar ƙwadagon da ta jijjiga mulkin kwaminisanci.

Saboda haka ɗan Polan da ya ga an rubuta Danzig, abin da ke faɗo masa shi ne Hitler, wanda ya fake da neman garin ya kunna yaƙin da ya ci kusan mutum miliyan 6 na ƙasarsa. Jikan Bajamushen da aka kora kuwa, idan ya ga an rubuta cewa an haifi kakansa a Gdansk a 1925, sai ya ji an sake korarsu, wannan karon daga cikin tarihi. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowannensu yana da littattafan da zai ɗora a tebur, kowannensu kuma ya yi imani cewa shi ne ke kare dokar rashin ɗaukar ɓangare, ɗayan ne ke karya ta. Rigimar da ɗan ɓarna ya tayar tana da sauƙi, a toshe shi a huta. Wadda ke cin shekaru ita ce ta masu gaskiya biyu.

Da abin ya ishi kowa, tsakanin Fabrairu da Maris na 2005 aka yi abin da Wikipedia ba ta cika son yi ba, aka kaɗa ƙuri'a. An yanka tarihin garin gida-gida, aka tambayi mutane sunan da za a yi amfani da shi a kowane zamani. Sakamakon da ya fito shi ne, kafin 1308 a ce Gdansk, daga 1308 zuwa 1945 a ce Danzig, daga 1945 zuwa yau a koma Gdansk. Karon farko da aka ambaci garin a cikin maƙala a haɗa da ɗaya sunan, domin mai karatu ya san gari ɗaya ake nufi, haka kuma a yi wa sauran garuruwan da Jamus da Polan suka yi tarayya a tarihinsu. A tarihin mutumin da Bajamushe ne ba shakka a gabatar da Danzig, a na wanda ɗan Polan ne ba shakka a gabatar da Gdansk. Aka manna sanarwar wannan hukunci a saman shafukan tattaunawa, don duk wanda ya zo da zafinsa ya fara cin karo da ita.

Abin da aka yi ya yi kama da dagacin da ya dasa gamba a iyakar gonaki biyu, ba don ya gano ainihin inda kakanni suka tsaya ba, sai don a samu a yi shuka kafin damina ta wuce. Kuma an yi shukar. Mutanen da ke ɓata dare suna soke gyaran juna suka samu sararin rubuta tarihin garin, mai karatu kuma ya ci riba, domin ganin sunaye biyu jere da juna yana sanar da shi cewa wurin nan ya sha sauya hannu. Irin wannan sulhu aka yi wa wani gari a Ailan ta Arewa a 2004. Masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan suna ce masa Derry, masu son zama da Birtaniya suna ce masa Londonderry, sunan da aka ba shi a 1613. Editoci suka amince a kira birnin Derry, gundumar da ke kewaye da shi kuma Londonderry. Kowa ya samu rabi, ba wanda ya tafi da murna, sulhun kuma yana nan har yau.

Duk da haka hukuncin 2005 bai gamsar da ni ba, kuma ba na ganin ya dace a riƙa kawo shi a matsayin abin koyi ba tare da an faɗi aibinsa ba. Shekara 339, daga 1454 zuwa 1793, garin yana biyayya ga sarkin Polan, amma aka liƙa wa wannan zamani duka sunan Jamusanci. Hujjar masu rinjaye tana da ƙarfi: haka mazauna garin ke kiransa, haka kuma marubutan tarihi na Ingilishi suka saba rubutawa. To amma wa ya kaɗa ƙuri'ar? Wanda ke jin Ingilishi, yake da intanet a 2005, yake kuma kusa a 'yan makonnin da aka buɗe ta. Wikipedia da kanta tana cewa ba a tantance gaskiya da ƙirga hannuwa. A nan an ƙirga, kuma hannuwan da aka ƙirga a wancan lokaci su ne ke ɗaure miliyoyin masu karatu da ba a ma haifi wasunsu ba sa'ad da aka yi zaɓen.

Aibi na biyu ya fi wannan zurfi. Cewa da aka yi a duba ko mutum Bajamushe ne ba shakka ko ɗan Polan ne ba shakka bai kashe rigimar ba, ya dai kwashe ta daga kan garin ya ɗora wa matattu. Ɗauki Johannes Hevelius, masanin taurari da aka haifa a garin a 1611. Jamusanci yake yi a gida, da Latin yake rubuta littattafansa, ɗan majalisar gari ne, kuma sarkin Polan Jan Sobieski ne ke tallafa masa, har ya sa wa wani rukunin taurari sunan garkuwar sarkin. Na wa ne shi ba shakka? Ko Arthur Schopenhauer, masanin falsafar da duniya ta sani da Bajamushe. An haife shi a garin a 1788, kuma mahaifinsa ya kwashe iyalinsa zuwa Hambug a 1793 domin ba ya son zama ƙarƙashin Purushiya. Ko Daniel Fahrenheit mai ma'aunin zafi, wanda aka haifa can a 1686 amma ya yi mafi yawan rayuwarsa a Holan, can ya rasu. Mutanen nan sun rayu kafin a fara raba ɗan Adam da fasfo da tuta yadda muke yi yau. Tilasta musu shiga ɗaya daga cikin ɗaki biyu ƙarya ce ake yi wa tarihi, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. A maƙalar masanin taurari Copernicus, wanda aka haifa a garin Torun a 1473, an yi irin wannan ja-in-ja har aka gaji, daga ƙarshe aka cire sunan kowace al'umma daga jimlar farko aka bar shi da zamaninsa da aikinsa. A ganina wannan ya fi kusa da gaskiya fiye da kowace ƙuri'a, kuma ba a kai gare shi ba sai bayan an gwada duk sauran hanyoyi sun ƙi.

Akwai ma wasu da ba a tambaye su ba sam. Kashubawa, mutanen da ke zaune a ƙauyukan da ke kewaye da garin tun kafin zuwan mayaƙan Tutonik, suna da harshensu, suna da nasu sunan garin, Gdunsk. Marubuci Günter Grass, wanda aka haifa can a 1927, yana da jininsu ta wajen uwa, ɗan siyasar Polan Donald Tusk ma tsatsonsu ne. Amma zaɓin da aka ba masu ƙuri'a tsakanin manya biyu ne. Idan rigima ta zama ta ɓangare biyu masu ƙarfi, sulhunta ma nasu ne, na uku sai dai ya ji labari.

To me ya sa, bayan duk wannan, nake kare gardamar? Domin an ga abin da ke faruwa inda babu ita. A 2019 wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da James Evans na Jami'ar Chicago, suka wallafa nazarin da suka yi kan maƙalolin Wikipedia masu tarin yawa. Suka gano cewa maƙalolin da masu ra'ayin siyasa mabambanta suka haɗu suka rubuta sun fi inganci a kan waɗanda 'yan gida ɗaya suka rubuta, shafukan tattaunawarsu sun fi tsawo, an kuma fi kafa hujja da dokoki a cikinsu. Dalilin a fili yake. Wanda ya san akwai mai jiransa a gaba ba ya rubuta jimlar da ba zai iya karewa ba.

Wikipedia ta harshen Kuroshiya ita ce shaida ta ɗaya gefen. Can wasu 'yan tsirarun masu gudanarwa masu tsattsauran kishin ƙasa suka kama ragamar shafin, suka riƙa toshe duk wanda ya ja da su. Maƙalar Jasenovac, sansanin da gwamnatin Ustashe ta Kuroshiya ta hallaka Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda gidan tarihin wurin ya tattara sunayen mamata sama da dubu 83, sai aka wayi gari tana kiran wurin sansanin tara mutane da aikin ƙarfi. Ba a buƙaci ƙirƙiro labari ba, kalmomi kaɗan aka sauya. A 2013 ministan ilimin ƙasar, Željko Jovanović, ya gargaɗi ɗalibai su guji shafin, amma sai a 2021 Gidauniyar Wikimedia ta fitar da rahoton da ya tabbatar da cewa an daɗe da kame shi. Shekarun da ke tsakani shiru ne a shafin, shirun da aka samu ta hanyar korar masu magana. A Wikipedia ta harshen Scots na Sikotilan kuwa ko mugun nufi babu. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da ba ya jin harshen Scots ya rubuta maƙaloli sama da dubu 20 a sashen harshen, yana ɗauko Ingilishi yana lanƙwasa rubutunsa. Ya yi shekaru yana yi da zuciya ɗaya, domin kusan babu mai jin harshen a wurin da zai tsaya ya ce masa ba haka muke cewa ba.

Ba na musun cewa gardamar tana da tsada, kuma ba kowa ke iya biya ba. A shafin tattaunawa sau da yawa wanda ya fi juriya ke cin nasara, ba wanda ya fi sani ba. Malamin tarihi mai aji da iyali zai rubuta hujjarsa sau ɗaya ko sau biyu ya koma aikinsa, mai lokaci kuwa yana nan har wata shida, ya haddace sunayen dokoki yana jifa da su. Sabon shiga da aka soke gyaransa na farko ba tare da bayani ba, da wuya ya dawo. Binciken da gidauniyar ta sha yi ya nuna mata ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na editoci ba. Maganin wannan shi ne a sauƙaƙa wa mutane shiga gardamar, a hukunta mai zagi da mai gajiyar da mutane da gangan. Rufe gardamar kanta hanyar Kuroshiya ce.

Matsalar da ta fi damuna tana cikin dokar da ake raba yawancin faɗan da ita, wato a bi abin da ingantattun majiyoyi suka fi amfani da shi. Dubi babban birnin Yukiren. Ƙasar ta tsayar da Kyiv a matsayin rubutun sunan da haruffan Latin tun 1995, maimakon Kiev da ya biyo ta Rashanci. An sha neman Wikipedia ta Ingilishi ta sauya, ana ƙi, bisa hujjar cewa manyan jaridu ba su sauya ba. A 2018 ma'aikatar harkokin wajen Yukiren ta buɗe kamfe kan maganar, a 2019 kamfanin dillancin labarai na AP da wasu manyan kafofi suka sauya, a Satumban 2020 Wikipedia ta bi sahu. Dokar ta yi aiki yadda aka tsara ta: kundin ilimi ba ya jan ragama, bin baya yake yi. Amma ma'anar haka ita ce, wanda ke da ma'aikatar da za ta matsa wa jaridun Landan da New York lamba zai samu sunansa, wanda ba shi da ita zai zauna da sunan da wasu suka raɗa masa.

A nan maganar ta iso ƙofarmu. A shekara guda, 1967, littattafai biyu suka fito kan daular da Shehu Usman ɗan Fodiyo ya kafa bayan 1804. H.A.S. Johnston, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya kira ta daular Fulani. Murray Last, wanda ya yi aiki da rubuce-rubucen Larabci na Sakkwato, ya kira ta halifanci. Duka biyun ingantattun majiyoyi ne bisa ma'aunin Wikipedia, amma ɗaya yana ganin ƙabila ce ta ci wata da yaƙi, ɗayan yana ganin malamai ne suka yi yunƙurin gyaran addini da mulki. Editan da ke zaune a wata nahiya zai ɗauki wanda ya faɗo hannunsa, ɗalibin da ke Kano ko Maraɗi kuma ya karanta a wayarsa ya ɗauka magana ce da aka gama. Haka abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disamban 2015, inda daga baya wani jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Wani zai rubuta arangama, wani zai rubuta kisan kiyashi, kuma kalmar da ta zauna a kan take ita ce yawancin mutane za su tafi da ita, domin kaɗan ne ke karantawa har ƙasa. Wikipedia ta Ingilishi ma tana da ƙa'idar cire salati bayan sunan Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallam, bisa fahimtarta ta rashin ɗaukar ɓangare. Kowane sashen harshe yana da ikon tsara irin waɗannan ƙa'idoji nasa, wanda ke nufin sashen Hausa ba dole ne ya kwaikwayo ba, amma dole ne ya zauna ya tattauna ya rubuta matsayarsa da dalilinta.

Wikipedia ta Hausa ta bunƙasa a 'yan shekarun nan, tana da maƙaloli dubun-dubata, kuma matasan da suka ɗauki nauyinta da kuɗin datarsu sun cancanci yabo ba kaɗan ba. Abin da ke tayar min da hankali shi ne idan ka buɗe shafin tattaunawar maƙaloli da yawa sai ka tarar fayau, ba wanda ya taɓa ce wa wani uffan. Wasu maƙalolin kuma kana karantawa kana jin na'ura ce ta fassara su, ba a bi an gyara ba, jimla ta fara da Hausa ta ƙare da ginin Ingilishi. Tare da fassarar ake shigo da hukuncin da wasu suka yanke a wata gardamar da ba mu halarta ba. Alhali muna da namu abubuwan da ba a warware ba. Najeriya tana rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri, Nijar tana rubutawa da harafi mai ƙugiya. Ɗan Damagaram yana aro daga Faransanci, ɗan Zariya daga Ingilishi. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan karin Kano, Basakkwace da Ba'are kuma suna da haƙƙin tambayar ina nasu ya shiga. Gasar da ake ba da kyauta bisa yawan maƙaloli tana haifar da yawa, amma ba ta ba mutum dalilin tsayawa ya ja da jimlar ɗan'uwansa. Kunya ma tana taka rawa, domin da yawanmu muna ganin gyara wa mutum rubutu a bainar jama'a cin fuska ne. Amma malamanmu na zaure ba su ɗauke shi haka ba. Littattafan fiƙihun da suke karantarwa cike suke da saɓani, ana kawo ƙaulin wane da na wane, a faɗi wanda ya fi rinjaye da dalilinsa, ba a kuma goge sunan wanda aka saɓa wa.

Ɗauki Satiru. A Fabrairun 1906 mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, masu jiran bayyanar Mahadi, suka fatattaki rundunar da Turawan mulki suka tura musu suka kashe Turawa uku. Cikin jagororinsu akwai wani malami makaho da ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka bayan an murƙushe irin wannan yunƙuri a can. A watan Maris Turawa suka dawo da manyan bindigogi, da goyon bayan sarakunan Sakkwato, aka kashe mutane wajen dubu biyu, aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci wurin. Rahotannin Lugard, shugaban Turawan mulki a Arewa, sun kira abin tawaye. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a nazarin da suka wallafa a 1990, sun gan shi a matsayin gwagwarmayar masu ƙaramin ƙarfi da Turawa da masu sarauta a lokaci guda. Duk wanda zai rubuta wannan maƙala da Hausa sai ya zaɓi kalmar da zai sa a jimlar farko: tawaye, bore, jihadi, ko kisan gilla. Ɗan gidan sarauta a Sakkwato yana da amsarsa, wanda kakanninsa bayi ne yana da tasa, malamin tarihi a Yamai mai takardun Faransanci a hannu yana da wata daban. Ina son mutanen nan uku su haɗu a shafin tattaunawar maƙalar, kowa da littafinsa, su yi wata guda suna ja, duk abin da suka faɗa wa juna kuma ya zauna a rubuce inda ɗalibi zai iya buɗewa ya ga yadda aka kai ga kalmar da ke saman shafin.